Labarin Jitata Marar Shinge

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Ban zo don in yi jayayya da magabata ba, gama sun riga mu ganin duniya, amma ina roƙon mai karatu ya ara mini kunnensa in ba shi labarin wata aba da na saya da araha a nan Jos, wadda ta zo hannuna ba ado ba fasali, yau kuwa shekara uku ke nan ba abin da ke ɗebe mini gajiyar aiki kamarta. Abar nan jita ce, irin doguwar nan mai tsirkiya huɗu da ƙaton murya, wadda makaɗan zamani ke kira bes. Ita ce ke yin gurnanin nan da mutum kan ji a ƙirjinsa idan ya gitta ta gidan biki, tun kafin kunnensa ya rarrabe ko wace waƙa ake yi.

Kafin in ci gaba, wajibi ne in bayyana abin da ya bambanta tawa da sauran. Duk wanda ya taɓa duban jita da kyau zai ga waɗansu 'yan siraran ƙarafa an gitta su a wuyanta, ɗaya bayan ɗaya, kamar matakan tsani. Aikinsu shi ne su yanka wa makaɗi iyaka. Idan ya danne tsirkiya a ko'ina tsakanin ƙarfe biyu, ƙarfen ne zai tsai da ita, amon da maƙera suka ƙayyade shi zai fito, ko da yatsan nasa ya ɗan goce. Saboda haka ni nake kiransu shinge, don aikinsu ɗaya da shingen gona. To, tawa jitar ba ta da shinge ko ɗaya. Wuyanta sumul yake tun daga sama har ƙasa, inda duk yatsa ya sauka nan ne iyakar amo, in an dace an dace, in an kuskure kuwa kowa a ɗakin sai ya ji.

Abin yana da tarihi. A cikin 1951 ne wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ya fito da bes mai aiki da lantarki wadda ta bazu a duniya, ya kuwa raɗa mata suna Precision, watau mai daidaito, domin shingayen da ya sa mata sun raba makaɗa da fargabar kuskure da suke sha a kan tsohuwar babbar gogen nan ta Turawa da ake kaɗawa a tsaye. Ba a daɗe ba sai ga waɗansu suna cire abin da ya sa. A cikin 1961 Bill Wyman na Ingila, wanda daga baya ya shiga ƙungiyar Rolling Stones, ya sayi wata bes mai araha, shingayenta na ƙara, ya tsige su. A cikin 1966 kamfanin Ampeg ya fara ƙera marar shinge don sayarwa. Amma wanda ya ɗaukaka ta shi ne Jaco Pastorius na Amurka, wanda ya tsige shingayen tasa jitar, ya cike ramukan, ya shafe wuyan da irin gam ɗin da ake shafa wa jiragen ruwa, sa'an nan ya fitar da faifansa a cikin 1976, makaɗa suka riƙe baki. Ya rasu a cikin 1987 yana da shekara 35 kacal. A nan Afirka ma akwai Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu, wanda marar shingensa ce ke kuka a faifan Paul Simon mai suna Graceland na 1986. Mai karatu zai lura cewa mutum biyu daga cikin waɗannan da hannunsu suka gyara abinsu, kuma Wyman bai fara da mai tsada ba.

Ni ɗan jarida ne, difloma gare ni a fannin aikin jarida, kuma yawancin aikina na dare ne, daga gyaran labari sai jiran wakilan da ba su aiko da nasu ba. Mai irin wannan albashi ba ya shiga kantin sababbin kayan kiɗa sai don kallo. Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, 'yan kasuwa suka watsu cikin titunan da ke kewaye da ita, a nan ne kuma, cikin wani ɗan shago na gwanjon lasifikoki da fiyano, na ga jitar an jingine ta a lungu ƙura ta rufe ta. Wani ne can ƙasar waje ya tsige mata shingaye da gaggawa, ya bar ramukan a buɗe kamar bakin tsoho. Mai shagon ya ce ta fi shekara a wurinsa, duk makaɗin da ya ɗauka sai ya ajiye, don ba mai son abin da zai ba shi kunya a gaban jama'a. Muka yi ciniki, ya sallama mini a kan kuɗin da bai kai rabin albashina na wata ba, yana murna ya rabu da ƙaya.

Na fara kai ta Kasuwar Katako, wurin wani dattijo kafinta da ke yi wa mutane kujeru da akwatunan aure. Ya juya ta, ya auna wuyan da ido kamar mai duban bindiga, ya ce, "Ɗan nan, wannan ai molon Turawa ne, ni kuwa ban taɓa gyara molo ba." Na ce, "Baba, katako ne dai, kai kuwa katako ya san ka." Ya yi dariya ya karɓa. Ya fere falle-fallen farin katako sirara kamar kwali, muka tsoma kowane a gam muka cusa a ramukan guda 20, da suka bushe ya aske su da kurfi har suka yi daidai da fuskar wuyan. Sai ya zamana inda dā ƙarfe yake yanzu farin layi ne kawai, ido na gani, yatsa ba ya ji. Da na gaya masa fuskar wuyan ba a miƙe take ba, tana da ɗan doro kamar bayan kifi, sai ya sassaƙa wani guntun katako mai kwarmi daidai da doron, ya manna masa samfefa, da shi muka goge wuyan tsawon yini biyu don kada wani wuri ya fi wani zurfi.

Daga nan sai shafe. Tsirkiyar bes ƙarfe ce mai kauri, kuma yawancinta an naɗe ta da zagayayyar waya mai kaushi, wadda idan ba shinge sai ta dinga cin katako kamar zarto. Maganin abin biyu ne: ko dai a shafe wuyan da gam mai ƙarfi, irin wanda ake haɗa ruwa biyu kafin ya kama, ko kuwa a sa tsirkiya mai santsi wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗar waya. Ni na haɗa duka biyun. A nan ne garin Jos ya nuna halinsa, domin a watan Disamba muka yi aikin, gam ɗin nan kuwa ba ya son sanyi, abin da zai bushe a kwana ɗaya a Kano sai ya kwana biyu yana danƙo, ga ƙurar hunturu na neman inda za ta sauka. Dattijon ya kife masa babban kwali, ya toshe kafofin da tsumma, muka yi shafe uku, tsakanin kowane biyu a goge a sake. Da aka gama sai wuyan ya yi ƙyalli kamar madubi. Abu na ƙarshe da ya yi shi ne zurfafa 'yan tsagogin nan huɗu da tsirkiyoyi ke hawa a kai can wajen kan jitar, gama an yanka su ne don tsirkiya ta tsallake ƙarfe, yanzu kuwa da ba ƙarfe, kamata ya yi ta kwanta kusa da katako, tazarar da ba ta fi kaurin katin gaisuwa ba.

Da katako ya kammala sai saura wuta. A cikin jikin bes akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, idan tsirkiya ta motsa a kansa sai ya haifar da 'yar wutar da amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi. Illar abin ita ce wayar nan ba ta zaɓe, har kukan wutar gida takan kwaso. Wutar lantarkin ƙasar nan tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, tsirkiya mafi kauri ta bes kuwa tana kaɗawa wajen sau 41, mai bi mata sau 55, watau ke nan gunjin wutar yana zaune ne a tsakiyar gidan da makaɗi ke aiki. Wani saurayi mai gyaran rediyo a Dilimi shi ya raba ni da wannan. Ya buɗe cikinta, ya shimfiɗa takardar gorar ruwa a bangon ramin, ya sauya maɓallan ƙarin murya da suka ci tsatsa, ya kuma gano wata 'yar waya da ta tsinke, wadda ya kamata ta haɗa gindin tsirkiyoyi da ƙasa, ya like ta da dalma. Da ya kunna sai shiru, har sai da na taɓa tsirkiya kafin in yarda tana aiki.

Akwai gyara guda wanda ba ya ƙarewa, shi ne na yanayi. Jos tana bisa tudu da ya haura mita 1,200, daminarta mai yawa ce, hunturunta kuwa busasshe ne mai tsanani, katako kuma yana numfashi da iska ko da an daɗe da sare shi. Tsirkiyoyi huɗun nan suna jan wuyan da ƙarfin da ya haura nauyin buhun siminti, abin da ke hana shi lanƙwasa shi ne wata sandar ƙarfe da aka ɓoye a cikinsa. Da hunturu katako kan tsuke, wuyan ya ranƙwafo, tsirkiya ta yi nisa da yatsa, sai a ɗaure sandar da rubu'in juyi. Da ruwa ya zauna a watan Yuli ko Agusta katako kan kumbura, tsirkiya ta kwanta tana zizar banza, sai a sassauta. Yanzu kam, ko ban dubi sama ba, wuyan jitata kan gaya mini damina ta kusa.

Duk wannan gyara somin taɓi ne, kaɗawar ita ce aikin. Tsawon tsirkiya inci 34 ne. Idan aka danne ta daidai tsakiya, a inci 17, amon farko ne ke komowa, sai dai ya fi siranta, kuma Turawa sun raba wannan tazara gida 12. Gidan farko ya kusa inci biyu, na goma sha biyu kuwa inci ɗaya ne, ana tafiya suna ƙara matsewa, har ya zamana kaurin yatsa kaɗai ya isa ya ɓata waƙa. Wanda ya koya mini wani magidanci ne da ya shekara fiye da ashirin yana kaɗa bes a majami'arsu. Ranar farko ya ce, "Malam, layukan nan na ido ne, ido kuwa maƙaryaci ne a wannan sana'a." Ya koya mini in saki tsirkiya ɗaya tana amo, in nemi ɗan'uwan amon a ta kusa da ita. Idan ban kai ba sai in ji amon biyu suna rawa suna dukan juna, ina matsar da yatsa rawar tana raguwa, har ta tsaya cik su zama ɗaya. Daga baya ya sa in dinga kashe fitila. A wannan fanni kam masu ba da wuta sun taimaka ba da saninsu ba, domin idan suka ɗauke, nakan jingina kan jitar da ƙyauren kabad, katakon ya ɗauki amon ya ƙara shi, in yi ta nema cikin duhu har barci ya zo.

Sai da kunnena ya fara buɗewa na gane abin da tun farko yake gabana. Jama'a, a duba kayan kiɗanmu masu tsirkiya: goge, kukuma, garaya, gurmi, molo, kuntigi. Ko ɗaya a cikinsu ba shi da shinge. Marigayi Garba Supa da Ibrahim Na Habu da kukumarsu, da Haruna Uji da gurminsa, duk da kunne suka yi aiki, ba maƙerin da ya yanka musu iyaka. A nan garin kuma muna da babban misali, watau marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a cikin 1946, ya rasu a watan Yuni na 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa kuwa irin ɗan gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, amma da shi ya zaga ƙasashen duniya, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha. In ana maganar araha, wace jita ce ta kai gwangwani araha?

Dalilin rashin shingen nan yana cikin harshenmu. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kuka na hawaye da kuka ta miya harufansu ɗaya, muryar da ta sauka a gaɓar ƙarshe ita ta raba su. Kai da ake kiran mutum da shi a sama yake tsaye, kai na bisa wuya kuwa daga sama yake gangarowa cikin gaɓa guda. Wannan gangarowa ita ce makaɗin kalangu ke yi idan ya matse ya saki, ita ce mai goge ke yi idan ya ja yatsa, shi ya sa tsofaffi kan ce kiɗa yana magana kuma su ji abin da ya faɗa. Jita mai shinge da fiyano tsalle suke yi daga mataki zuwa mataki, ba su iya gangara. Marar shinge kuwa tana iyawa. Ranar da na fara bin karin maganar Hausa da yatsa a kan tsirkiya mai kauri, na ji jitar da aka ƙera a wata ƙasa mai nisa tana gaisuwa irin ta ƙofar gidanmu, sai da tsigar jikina ta tashi.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Baffana, ƙanen mahaifina, da ya ji labari sai ya aika a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Ashe karatun da aka yi maka, ƙarshensa roƙo za ka shiga? A gidan nan ba mu gāji kiɗa ba." Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ba na zuwa biki, ba na karɓar kuɗin kowa, ba kuma ta hana ni aiki ko ibada." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in dai haka ne, kada ya ji ta a bakin maƙwabta, kada kuma ta kai ni inda za a ga ɗan gidan nan a raina. Na karɓi sharaɗin, har yau kuma ina kansa. Na san damuwarsa ba ta banza ba ce, gama a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce mai matsayinta, muna son waƙa amma ba mu cika son ɗanmu ya zama mawaƙi ba. Sai dai wannan hali namu yana da farashi. 'Ya'yan masu goge da yawa sun bar gogen, waɗanda ba su gāda ba kuma an hana su taɓawa, yawancin waƙoƙin Hausa na yanzu kuwa da fiyano da kwamfuta ake haɗa su a ɗaki, har muryar mawaƙi ma na'ura kan ja ta ta dora bisa matakan nan 12. Idan aka ɗore a haka, za a wayi gari yaranmu suna jin gangarowar goge su ɗauka kuskure ne.

Akwai kuma wani abu da jitar nan ta yi mini wanda ya shafi garin kansa. Jos gari ne da haƙar kuza ta tara wa mutane daga ko'ina, kuma ya daɗe da suna wajen kiɗa, tun daga ƙungiyar Sahara All Stars da ta fitar da faifai a cikin 1976, har zuwa su Panam Percy Paul da P-Square da M.I da Ice Prince, waɗanda duk garin nan ya yi musu reno. Amma ina ɗan makaranta rikicin watan Satumba na 2001 ya auku, aka sake a 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, har ya zamana akwai samarin da aka haifa a garin nan da ba su taɓa taka wata unguwa da ba ta fi tafiyar minti ashirin daga gidansu ba. Ni kaina na sha rubuta labarin tarurrukan zaman lafiya, na kuwa san iyakarsu. Gyaran jitar nan ya sa na shiga lungunan da dā sai dai in wuce a mota. Kafintan da mai gyaran rediyon da malamin nawa ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba, ba su ma san juna ba, amma hannun kowannensu yana jikinta. Ran Asabar idan lokacin salla ya yi, malamin nawa da kansa kan ce, "Malam, ajiye ka je, tsirkiya ba ta gudu." Ban ce wannan ya warkar da gari ba. Na dai ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, kuma mutum ba ya tsoron unguwar da yake da malami a cikinta.

Saboda haka ina da kira guda uku. Na farko ga samari masu sha'awar kiɗa: kada tsadar kaya ta hana ku farawa, ku nemi na gwanjo, ku kai wa masu sana'ar hannu na garinku, za ku sha mamakin abin da suka sani. Na biyu ga masu ɗakunan ɗaukar waƙa a Jos da Kano da Kaduna: ku dinga gayyato masu goge da kukuma da gurmi ku ɗauki hannunsu na gaskiya, ku biya su haƙƙinsu, tun suna da rai da lafiya. Na uku ga makarantu da hukumomin raya al'adu na jihohi: a samar da wurin da yaro zai zauna gaban tsohon makaɗi ya koyi aiki da kunne, ba tare da an ce ya zubar da mutuncin gidansu ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba garin Jos da ƙasarmu baki ɗaya zama lafiya mai ɗorewa, amin.